Muhawara: laktayen jami'a a Ingila, alamar zumunci ce ko katangar ware ɗan talaka?

Admin: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda maganar nan ta ƙi mutuwa tun jiya da daddare gara a baje ta a faifai kowa ya faɗi nashi. Ɗan Fagge dake karatun mastas a Ingila ya turo hoton wani shago a Oxford da aka jera laktaye reras, kowace kwaleji da launinta da tambarinta, sai ya rubuta a ƙasa wai "wannan abun ba dan ɗalibi aka yi shi ba, an yi shi ne dan manya su dinga gane 'ya'yan manya". Bakatsine yace sam ba haka bane. Toh bismillah, amma banda zagi banda sitika dan Allah.

Ɗan Fagge: Yauwa Admin na gode. Ni fa ina nan akan bakana. Ku duba hoton da kyau, kala biyu ne a ciki, akwai mai ratsi-ratsi a karkace akwai kuma mai ƙananan tambari an barbaza su a jiki kaman an yayyafa. Oxford tana da kwaleji sama da 30, Cambridge 31, kowacce da nata, bayan haka ƙungiyar kwale-kwale da nata, 'yan kurket da nasu, 'yan muhawara da nasu. Ni da kai in mun gani ado ne kawai, amma Baturen da ya fito daga cikin tsarin yana hango wuyanka daga bakin ƙofa ya riga ya karanta inda kayi karatu da irin mutanen da kayi zama dasu tun kafin ka buɗe baki. Kuma ɗaliban yanzu wa ka gani da shi? A titi jaket mai kumburi ce da rigar sanyi mai hula, an manna tambarin kwaleji a ƙirji shikenan. Masu shiga shagon nan tsofaffin ɗalibai ne masu furfura sai 'yan yawon buɗe ido sai iyayen da suka zo bikin yaye 'ya'yansu

Bakatsine: Mutumina ka cika son ganin makirci a komai wallahi. Waye ya ƙirƙiro abun? Ɗalibai ne ba hukuma ba. Labarin da aka fi bayarwa shine a 1880 'yan tseren kwale-kwale na kwalejin Exeter a Oxford suka cire ƙyallen dake zagaye da malafarsu mai launin ƙungiyar suka ɗaura a wuya, da abun ya musu kyau sai suka sa tela ya ɗinka musu na gaske. Yara ne 'yan shekara ashirin suna shiririta, daga nan sauran kwalejoji da makarantu suka kwaikwaya. Ina manya a nan? Anko ne kawai irin na Turawa, kowa yana so a san da ayarin da yazo

Ɗan Fagge: Su waye ke Oxford a 1880 ɗin? Ɗan leburan ma'adinin kwal ne? 😂 Kai da kanka ka bani hujja

Gimbiya: Ku tsaya in raba muku gardama ɗaya tukun dan ni na zauna a Oxford ɗin nayi karatu a can. Yaya Ɗan Fagge yana da gaskiya a abu guda, ba'a tilasta ma kowa laktayen kwaleji, hasali ma ranar da ya zama dole ka ɗaura wani abu a wuya ba shi ake ɗaurawa ba. Ranar rantsar da sabbin ɗalibai a ɗakin Sheldonian da ranar jarabawa da ranar karɓar digiri akwai shigar da suke kira subfusc, baƙaƙen kaya, farar riga mai kwala, baƙin takalmi, gawun a sama, a wuya kuma zaɓi huɗu ne, farin botaye ko baƙin botaye ko baƙin dogon laktaye ko baƙin ribon. Ba ratsi ba tambari. Ɗan sarki da ɗan direban bas duk kala ɗaya suke shiga ɗakin jarabawa. Abun da ke bambanta mutane a ranar fure ne da ake maƙalawa a ƙirji, fari a jarabawar farko, ruwan hoda a na tsakiya, ja a ta ƙarshe, shima al'ada ce ba doka ba, in kaga mai jan fure kasan yau zai huta

Gimbiya: Mai kwalejin kuma sai wajen dina ko hoton ƙungiya ko in mutum zai je intabiyu, wasu har su gama basu taɓa siya ba

Bakatsine: Madalla ƙanwata. Kuma ki faɗa masa zancen ƙuri'a

Gimbiya: Eh anyi. A 2015 ƙungiyar ɗalibai ta kira ƙuri'ar raba gardama ko a daina tilasta wannan shigar a jarabawa, wajen kashi 76 cikin 100 suka ce a bar musu kayansu. A 2006 ma anyi, kashi 81 suka ce a bari. Kuma abun da ya bani mamaki cikin masu cewa a bari harda 'ya'yan marasa ƙarfi, hujjarsu itace ranar ce kaɗai ba mai gane wanda ubansa ke da kuɗi

Ɗan Fagge: Toh ai kun sauya magana. Wancan baƙi da fari ne na kowa da kowa, ni kuma mai launi nake magana wanda aikinsa kenan ya bambanta. Kuma waɗanda suka fito ƙuri'ar 2015 ɗin basu kai rabin ɗalibai ba, a faɗi wannan ma. Bari in baku misali a fili. Akwai kulob a Oxford sunansa Vincent's tun 1863, na zaƙaƙuran 'yan wasanni, laktayensu shuɗi ne mai duhu da ƙananan kambin sarauta, baka shiga da kuɗinka sai na ciki sun zaɓe ka, kuma sai 2016 suka yarda mace ta zama memba. Cambridge suna da Hawks' tun 1872, nasu ruwan hanta ne da siririn ratsi ruwan gwal. Sannan ga kulob ɗin Bullingdon na Oxford, akwai wani hotonsu na 1987 da David Cameron da Boris Johnson suke tsaye akan matakala da kwat mai jela da botaye shuɗi mai haske, mutum biyu a hoto ɗaya duk suka zama firayim minista. Makarantar Eton kaɗai ta fitar da firayim minista 20, tsofaffin ɗalibanta laktayensu baƙi ne da siririn ratsin shuɗi, duk wanda ya isa a Landan ya san shi. Kuce min wannan duk ado ne

Bakatsine: Bullingdon kulob ɗin 'yan shaye-shaye da fashe-fashe ne da ɗalibai da yawa ma ke ƙyamarsa, kar ka haɗa shi da yaron da yake tashi da asuba cikin sanyin nan yana tuƙa kwale-kwale har ya samu shiga tseren Oxford da Cambridge da aka fara tun 1829. Wanda ya wakilci jami'a a irin wannan gasar shi ake ba damar saka launin, Oxford shuɗi mai duhu Cambridge shuɗi mai haske, gumi ne ya siya masa ba gado ba. In an hana shi alamar me aka ƙara ma talaka? Kuma Eton ba laktaye ne ya kai su mulki ba, kuɗi ne da sanayya, ko tsirara suka fito zasu gane junansu

Malam Tela: Salamu alaikum yara. Ni ban je Ingila ba amma almakashi na hannuna tun kafin a haifi wasunku, bari in saka baki ta fannin da na sani. Kun taɓa tambayar me yasa ratsin yake a karkace? Ba gayu bane asali. Yadin ne ake yankawa a bayas, wato a kaikaice ba bin tsawon zare ba, sai ya samu 'yar talewa ya kwanta a ƙirji baya murɗewa, in ka kwance shi ya koma yadda yake. Wani tela a New York mai suna Jesse Langsdorf shi yayi rajistar wannan yankan a shekarun 1920, gida uku ake yankawa a haɗe. Toh yadin da aka saƙa da ratsi a miƙe in ka yanka shi haka dole ratsin ya kwanta gefe. Ka ɗauki laktaye ka riƙe ƙaramin bakin ka sake shi ya rataya, in ya juya kaman igiya ba'a yanka shi daidai ba, kar ka siya

Malam Tela: Na biyu, na Ingila ratsin yana saukowa ne daga kafaɗar hagu ta mai sanye da shi zuwa dama. Na Amurka akasin haka, daga dama zuwa hagu, kamfanin Brooks Brothers ne ya shahara da juya shi, ana cewa dan kada Ba'amurke ya saka launin wata rundunar sojan Ingila ko wata makaranta ace yayi sojan gona. Kunga kenan su kansu sun ɗauki abun da nauyi tunda har aka juya saƙa saboda shi

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara girma Baba. Kunji ko? Har ƙasa guda ta juya ratsi dan tsoron masu abun 😂 in anko ne waye zai ji tsoro

Bakatsine: Baba bai ce tsoro ba, girmamawa ce. Kai ma baka saka kakin soja ka fita titi

Na Wambai: Hhhh ni dariya kuke bani wallahi. Ku zo Ƙofar Wambai ranar da aka fasa dilar gwanjo ku ga laktayen da kuke ta faɗa akai, a ƙulle suke zuwa dami guda kaman an kwaso macizai, wani da zaki a jiki wani da buɗaɗɗen littafi da kambi uku wani da garkuwa da rubutun Latin, ka juya bayansa kaga ɗan ƙyallen shagon da ya ɗinka har da sunan garin. Yaran dake zuwa difens ɗin furojet da masu neman aikin banki sune kwastomomina, ba wanda ya taɓa tambayata na wace kwaleji ne, tambayar ɗaya ce oga wanne zai shiga da wannan rigar. Na tabbata akwai wanda ya kare furojet ɗinsa a Kano da laktayen wani tsohon ɗan Cambridge da ya mutu 'ya'yansa suka kai kayansa shagon sadaka

Gimbiya: Mai littafi da kambi ukun nan na Oxford ne fa Yaya, ka ƙara masa kuɗi 😂

Na Wambai: Daga yau ya tashi daga layin ɗari biyar

Ɗan Fagge: Wannan ma yana gefena. A Kano ba ya aiki saboda ba mai iya karanta shi. A Landan yana aiki

Bakatsine: Ko kuma yana gefena, tunda kowa zai iya shiga shago ya siya ba mai tambayarka katin makaranta. Katangar da ake tsallakewa da kuɗin abincin rana wace irin katanga ce

Gimbiya: A nan kam Yaya Bakatsine ban bika ba. Siya daban sakawa daban. Ka saka na kwalejin da baka yi ba ka haɗu da wanda yayi, tambayar farko wace shekara ka shigo, waye malaminka, a wane bene ka zauna, nan take asirinka ya tonu kuma su irin wannan kunyar basa mantawa. Sannan ku duka maza kun manta abu ɗaya, rabin ɗaliban fa basa ɗaura laktaye. Oxford sai 1920 ta fara ba mata digiri, Cambridge sai 1948, ita Exeter ɗin da aka fara abun sai 1979 ta ɗauki mata, kwalejin Magdalene ta Cambridge har 1988. Duk zanen nan an yi shi ne lokacin da ba'a lissafa damu. Mu namu mayafin wuya ne na ulu mai dogayen ratsi, kuma gaskiya shi yafi amfani dan yana maganin sanyi. A 2012 ne ma suka cire bambancin maza da mata a dokar shigar jarabawa, yanzu mace zata iya zuwa da botaye. Mai hijabi kuma an yarda ta saka baƙi, da shi na shiga ba wanda ya kalle ni sau biyu

Barista: Anti kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ku kuna can kuna gardama akan abun da ba dole ba, mu 'yan lo a nan gida dole ne. Fari da baƙi tun daga aji ɗaya, mazan ajinmu da laktaye a watan Afrilu zafi ya haura 40 ba wuta fanka a tsaye, kana ganin kwalar mutum ta jiƙe ta koma ruwan ƙasa, suna fita daga lakca kowa ya zare ya cusa a aljihu, wasu ma basu iya ɗaurawa ba mutum ɗaya ne a hostel yake ɗaura ma kowa sai a dinga sassautawa ana cirewa ta kai har ƙarshen zango ba'a kwance ba. In anje Lo Skul ga dina uku na dole da cikakkiyar shiga. Duk daga Ingila muka gado amma mun ɗauko wahalar mun bar daɗin, namu baƙi ne ƙirin ba launi ba tambari ba wani labari a bayansa. Kuma ku tuna a Disamba 2017 an hana wata 'yar uwarmu da ta gama Jami'ar Ilorin shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja saboda hijabi, sai a Yulin 2018 aka rantsar da ita bayan anyi ta kai ruwa rana. Wato masu abun sun sassauta mu 'yan aro mun ƙara ɗaurewa

Dakta: Barista ki ƙara da mu. Muna zagayen wodi da shi yana lilo akan gadon mara lafiya, daga wannan gado zuwa wancan, kuma tsakani da Allah waye yake wanke laktaye? Ƙungiyar likitocin Birtaniya tun 2006 ta ba likitoci shawarar su daina sakawa a asibiti saboda ɗaukar ƙwayoyin cuta, 2007 aka kawo tsarin hannu tsirara daga gwiwar hannu zuwa ƙasa. Mu har yau wani malamin in ya ganka ba shi sai ya koro ka

Ustaz: Ni tambayata ta wani gefen ce. Ɗan Fagge waɗannan na shagon da wane yadi aka yi su?

Ɗan Fagge: Kala biyu ne Malam, mai tsadar siliki ne zalla mai arhar kuma foliyesta

Ustaz: Toh ga inda ɗalibi Musulmi zai lura. Alhariri zalla an hana maza sakawa, sassaucin da yazo a hadisi shine gwargwadon faɗin yatsu biyu zuwa huɗu a jikin tufa, malamai kuma sun yi saɓani akan ko laktaye ya shiga wannan sassaucin tunda shi tufa ne mai zaman kansa. Wanda yake son fita daga saɓani ya ɗauki na foliyesta ko na ulu ya huta, ga arha. Sai kuma tambarin, wasu kwalejojin akwai kuros ɓaro-ɓaro a garkuwarsu tunda asalinsu na coci ne, tambarin Cambridge kanta kuros ne da zakuna huɗu da littafi a tsakiya. Mai ratsi zalla ba shi da wannan matsalar

Na Wambai: Malam ai ance laktayen kansa ma kuros ne aka sakaya

Ustaz: Ana yawan faɗa amma ban ga hujjarsa a tarihi ba. Abun da aka rubuta shine sojojin haya 'yan Kuroshiya dake yi ma Faransa yaƙi a ƙarni na 17 suna ɗaura ƙyalle a wuya, Faransawa suka gani suka ɗauka ya zama gayu a fadar Louis na 14. Kar mu haramta abu da jita-jita

Bakatsine: Toh ni dai abun da Barista ta faɗa shi nake so a duba. Matsalarmu ba yawan alama bace rashinta ne. Ka gama jami'a a nan me ka fita da shi? Gawun haya ne ka mayar, sai farar rigar da abokai suka yi ma rubutu da maka ranar ƙarshe. BUK tana da jinjirin wata da tauraro a tambarinta da ayar wa fauƙa kulli zi ilmin alim, ABU tana da koren launinta tun 1962, me zai hana a saƙa su a wani abu mai kyau da mutum zai ajiye har tsufa ya saka ranar taron tsofaffin ɗalibai

Malam Tela: In za'a yi kar a yi laktaye ɗana. A ba masu ɗinkin hula, launi biyu ko uku a gefe, ko a saka a aikin wuyan riga. Wanda zai ɗaura abu a maƙogwaro a zafin Sakkwato dan son makaranta ba'a haife shi ba

Ɗan Fagge: Kuma ranar da aka yi zaku dawo nan kuna kuka. Yanzu ma da ba alama ya ake ciki? Ana cewa wannan ɗan jami'ar tarayya ne wancan ta jiha wancan ɗan poli ne, mai HND yana shan wulaƙanci a wajen aiki. Ku bashi hula kuma mai intabiyu ya hango daga nesa

Gimbiya: Mai intabiyu ai takardarka na gabansa Yaya, sunan makarantar na layin farko

Ɗan Fagge: Takarda sai an zauna ake dubawa. Wannan a lif yake aiki, a wajen ɗaurin aure, a layin jirgi

Barista: Ni in za'a yi hular a fara cire mana baƙin laktayen tukun. Majalisar Birtaniya a 2017 kakakinta na lokacin John Bercow yace ba dole bane, duk da daga baya sun sake ɗan matsawa. New Zealand a 2021 an fitar da ɗan majalisa Rawiri Waititi saboda ya ƙi ɗaurawa yace igiyar mulkin mallaka ce, cikin 'yan kwanaki aka soke dokar. Mu ko zancen ba'a fara ba

Bakatsine: Na yarda a cire na dole. Na ganin dama kuma a bar mai so ya saka

Ɗan Fagge: Na ganin daman ne ai yafi ware mutane, na dole kowa yana da shi

Na Wambai: Kafin ku gama dan Allah wanda ke da hoton tambarin kwalejojin Cambridge ɗin nan 31 ya turo min ta bayan fage, akwai dilar da zan fasa ranar Asabar